Turke da Igiya: Lissafin Da'ira da 'Yan'uwanta a Ƙasar Birnin Gwari

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Batun da zan yi magana a kansa yau wani ɓangare ne na lissafi wanda da yawa daga cikinmu muka rabu da shi tun ranar da muka ajiye biro a ɗakin jarrabawa, wato lissafin da'ira da 'yan'uwanta uku, elifs da farabola da haifabola, tare da abubuwa biyu da ke tafiya da su, lokas da tanjant. Na san akwai waɗanda da jin waɗannan sunaye sun fara duba agogo. To, ku yi haƙuri da ni. Ni ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren safiyo da tsara hanyoyi, kuma kusan kullum sai aikina ya bi ta kan waɗannan siffofi. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan lissafi yana cikin hanyarmu ta Kaduna, yana cikin dajinmu, yana cikin wayar da ke aljihun kowa a nan, kuma ƙasarmu tana bukatar yaran da suka iya shi fiye da yadda ta taɓa bukata.

Bari mu fara da lokas. Ni a Hausa sawu nake kiransa. Idan aka ɗora wa wani ɗigo sharaɗi, aka ce ya yi ta yawo amma kada ya saɓa wa sharaɗin, hanyar da ya bi ita ce sawunsa. A ɗaure akuya a turke da igiya mai tsawon mita 3. In ta ja igiyar ta miƙe, ta zagaya, sawunta da'ira ne, domin ko'ina ta tsaya tsakaninta da turke mita 3 ne. Maginin gargajiya da zai kafa ɗaki ko rumbu haka yake yi: ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya da tsinke yana zane a ƙasa. Bai taɓa riƙe kamfas ba, amma abin da ya zana shi ne abin da Malam ya zana mana a allo.

Idan kuwa turaka biyu aka kafa, aka ɗaure bakin igiya ɗaya a wannan, ɗaya bakin a wancan, aka bar ta da sassauci, sannan aka ja ta da tsinke aka zagaya, siffar da za ta fito ita ce elifs, wato da'ira mai tsawo. Sharaɗinta shi ne, nisan tsinke daga turke na farko, a tara da nisansa daga turke na biyu, kullum daidai yake da tsawon igiyar. Wanda ya taɓa yanka rake a karkace ya ga elifs a fuskar yankan. Farabola kuma sawun ɗigo ne wanda nisansa daga wani turke yake daidai da nisansa daga wani miƙaƙƙen layi. Haifabola ita ce sawun ɗigon da bambancin nisansa daga turaka biyu ba ya canzawa. A elifs tarawa ake yi, a haifabola ɗebewa.

Abin da ya sa ake ce musu 'yan gida ɗaya shi ne duk daga siffa ɗaya ake yanko su, siffar jinka ko mazurari. In aka yanka jinka a kwance, bakin yankan da'ira ne. A ɗan karkata wuƙar, a sami elifs. A ƙara karkatawa har ta yi daidai da gangaren jinkar, a sami farabola. A wuce nan, sai haifabola. Duk mai tocila yana iya gwadawa yau da dare: ya haska bango kai tsaye ya ga da'ira, ya riƙa karkata hannunsa a hankali ya ga sauran suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuma tanjant, zan kira shi layin shafa. Miƙaƙƙen layi ne da yake taɓa lanƙwasa a wuri ɗaya tak, ya wuce bai ratsa ta ba. A da'ira, layin shafa kullum yana yin kusurwar digiri 90 da igiyar da ta taso daga tsakiya zuwa wurin da ya taɓa. Yaron da ke korar tsuntsu a gonar gero da majajjawa ya san wannan layi a hannunsa. Yana juya dutse a da'ira, amma da ya saki igiya, dutsen ba ya ci gaba da zagaye, sai ya fita ta layin shafa na wurin da aka sake shi. Gwanintar mai majajjawa duk tana ga sanin lokacin da layin shafa ya fuskanci abin da yake son jifa.

Wannan ilmi tsoho ne ƙwarai. Wani masani Bagirke mai suna Afoloniyas, mutumin garin Farga a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta littafi mai juzu'i 8 a kan waɗannan siffofi kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma daga gare shi muka gaji sunayen elifs da farabola da haifabola. Juzu'i 4 na farko sun tsira cikin Girkanci, na 8 ya ɓace, amma na 5 da na 6 da na 7 ba domin malaman Bagadaza ba da duniya ta rasa su. A ƙarni na 9 wasu 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa suka sa aka fassara littafin zuwa Larabci, kuma Sabit bn Ƙurra, wanda ya rasu a shekarar 901, shi ya fassara waɗannan juzu'ai uku. Daga wannan fassara aka mayar da su Latin a Ingila, a bugun da Edmond Halley ya fitar a 1710. Bayan Sabit, jikansa Ibrahim bn Sinan ya yi rubutu a kan yadda ake zana siffofin, Ibn Sahal da Ibnul Haisam suka yi nazarin madubi mai siffar farabola wanda ke tara hasken rana har ya kunna wuta, Umar Hayyam kuma ya warware wasu matsalolin aljabara ta hanyar duba inda siffofin suke ratsa juna.

Sai a 1609 Johannes Kepler na ƙasar Jamus ya nuna cewa duniyar Mirrihi elifs take bi wajen zagaya rana, kuma rana tana zaune a ɗaya daga cikin turakan nan biyu. A 1638 Galileo na Italiya ya nuna cewa abin da aka jefa sama farabola yake bi kafin ya faɗo. Ku lissafa: kimanin shekara 1,800 tsakanin littafin Afoloniyas da ranar da aka gane da shi taurari ke tafiya. Wannan ya isa amsa ga yaron da ke tambaya, "Malam, ina amfanin wannan?" Duniyarmu ma elifs take bi. A farkon Janairu muke kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli muke nesa, kimanin miliyan 152. Abin mamaki, lokacin da muke kusa shi ne lokacin da hunturu ke tsaga mana leɓe, domin karkatar duniya ce ke kawo sauyin yanayi, nisan bai taka kara ya karya ba.

Kada kuma wani ya ɗauka lissafi baƙo ne a ƙasar Hausa. Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin jadawali a 1732, ya koyar a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A zamaninmu kuma, Farfesa Iya Abubakar malamin lissafi ne kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978.

Yanzu bari mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa, ko ya miƙa zuwa Tegina, ko ya ɗauki ta Funtuwa, ya bi ta kan layin shafa ba iyaka. A wurin mai tsara hanya, titi miƙaƙƙun layuka ne da ake haɗa su da yankin da'ira, kuma dole kowane miƙaƙƙen layi ya zama layin shafa ga kwanar da zai shiga, in ba haka ba direba zai ji an fizge masa sitiyari. Misali, idan hanya za ta juya da digiri 60, aka zaɓi da'ira mai igiyar mita 400, to kwanar za ta fara ne mita 231 kafin inda layukan biyu za su haɗu. Motar da ta shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin tayoyinta, ita da dutsen majajjawa duk ɗaya ne: ta layin shafa za ta fita ta faɗa daji. Kuma ƙarfin da taya ke bukata don riƙe kwalta yana ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninku sau 2. Direban da ya shiga da gudun kilomita 120 a kwanar da ya saba shiga da 60, ya ɗora wa tayarsa nauyi huɗu.

Akwai kuma maganar gani. A cikin kwana, idon direba ba ya bin titi, miƙewa yake yi ya shafi ciyawa ko itatuwan da ke gefen ciki, kuma iyakar ganinsa ke nan. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa yana bukatar kimanin mita 185 daga lokacin da ya hango abu zuwa lokacin da zai tsaya cik. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce: a ninka wannan nisa da kansa, a raba da igiyar kwanar sau 8. A kwana mai igiyar mita 400, amsar tana fitowa kusan mita 11. Ma'ana, sai an share daji aƙalla mita 11 daga tsakiyar hannun da direban yake bi zuwa gefen ciki, kafin ya iya hango abin da ke gabansa a kan lokaci, ko tirela ce ta lalace, ko shanu ne ke tsallakawa, ko shinge aka gitta. Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an yi mana bayanin abin da shinge a bayan kwana yake nufi ba. Mun binne 'yan'uwa a kan wannan hanya, Allah Ya jiƙansu. Saran ciyawar gefen kwana bayan damina aiki ne mai lissafi, ana iya faɗin mita nawa za a share a kowace kwana, kuma rai ake tsarewa da shi.

Sai dajinmu. An keɓe dajin Kamuku tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Tambayar ita ce, daga ina mutum zai tsaya ya ga ko'ina? Amsar tana ga layin shafa, domin duniya a dunƙule take, kuma ganin mutum yana tafiya ne har ya shafi bayan ƙasa, daga nan ya wuce sama. Igiyar duniya kilomita 6,371 ce. Da ƙa'idar kusurwar digiri 90 da na ambata, za a tarar mutumin da ke tsaye a fili yana hango kusan kilomita 5, wanda ke kan hasumiya mai tsayin mita 36 yana hango kilomita 21, wanda ke kan dutse mai mita 100 kuma kusan kilomita 36. Ku lura, kafin nisan gani ya ninku sau 2, sai tsayi ya ninku sau 4. A zahiri duwatsu irin su Goron Dutse da Tsaunin Rema, da itatuwa da ƙurar hunturu, suna rage wannan nisa, amma daga wannan lissafi ake farawa idan za a zaɓi wurin kafa hasumiyar tsaro ko ƙarfen sabis.

Maganar ƙarfen sabis ta kai mu ga lokas. Idan aka san nisan waya daga ƙarfe ɗaya, abin da aka sani kawai shi ne tana wani wuri a kan da'ira. Da ƙarfe na biyu, da'irori biyu za su ratsa juna a wuri biyu. Na uku shi ke raba gardama. Shi ya sa gano mai waya a tsakiyar Kaduna ya fi sauƙi a kan gano shi a daji inda ƙarfe ɗaya ne ke kaiwa. Na'urar safiyo da muke aiki da ita ma haka take, sai dai ita da taurarin ɗan'adam da ke kimanin kilomita 20,200 a sama take awo, kuma tana bukatar aƙalla 4. Waɗanda suka zauna a gida lokacin da aka katse layukan waya a ƙarshen Satumba na 2021 sun san darajar waɗannan ƙarafa.

Haifabola ma tana da aiki a nan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. A ce an yi harbi a daji, wani ƙauye ya ji ƙarar daƙiƙa 3 kafin wani. To, wurin harbin ya fi kusa da ƙauyen farko da mita 1,020, kuma duk wuraren da suka cika wannan sharaɗi suna kan haifabola guda. In ƙauye na uku ya ji, a zana haifabola ta biyu, inda suka haɗu nan ne wurin. Da wannan dabara sojoji suka riƙa gano igwar abokan gaba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ita kuma jiragen ruwa suka riƙa sanin inda suke tun daga Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa bayyanar taurarin ɗan'adam.

Ita kuma farabola tana kan rufin gidajenmu. Farantin satalayit farabola ne, kuma asirinsa yana ga layin shafa: a ko'ina a jikin farantin, saƙon da ya sauko a miƙe yana yin kusurwa ɗaya da layin shafa wajen shiga da wajen fita, don haka duk ya taru a wuri guda, inda ake ɗaura ƙaramar na'urar nan. A babban faranti mai zagaye, ana gano matattarar ta ninka faɗi da kansa a raba da zurfi sau 16. Faranti mai faɗin santimita 120 da zurfin 15, matattararsa tana santimita 60 daga gindi. Ba a juya farantin kuwa domin tauraron da yake kallo yana zagaye a kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, sau ɗaya a kwana, daidai da juyawar ƙasa. A irin wannan da'ira aka ajiye NigComSat-1R da Nijeriya ta harba daga ƙasar Sin a Disamba na 2011. In aka lulluɓe irin wannan faranti da abu mai ƙyalli aka fuskantar da shi rana, aka ɗora tukunya a matattara, ruwa zai tafasa. Rana tsaka tana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. A ƙasar da ake sare itace don gawayi dare da rana, maƙerin da ya iya wannan awo yana da sana'a a hannu.

Har wa yau, rigimar iyaka da yawa lokas ce. Wuraren da nisansu daga gidaje biyu yake daidai suna kan miƙaƙƙen layin da ya raba tsakaninsu gida biyu. Idan unguwanni uku suna jayayya a kan inda za a haƙa rijiyar burtsatse, aka zana irin wannan layi sau biyu, inda suka haɗu nisansa ɗaya ne daga kowace unguwa. Burtali ma sawu ne: faɗi sananne hagu da dama daga layin tsakiya. In an auna, an kafa alama, an sa a taswira, manomi ya san iyakarsa, makiyayi ya san tasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun ga abin da ya shigo mana ta wannan tsaga.

Iyayenmu malamai, duk wannan da igiya da turke da tocila ake koyar da shi. Akwai ma gwajin da bai bukatar ko kwabo. A kafa sanda a fili, a riƙa sa tsakuwa a kan bakin inuwarta kowace awa daga safe zuwa yamma. Tsakuwoyin za su jeru a kan haifabola. A Disamba inuwar rana tsaka arewa take faɗawa, a Yuni kudu, a wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba kuwa jerin miƙewa yake yi sak. Da yake muna kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, sandar takan taka inuwarta da rana tsaka. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba, domin gani ya kori ji.

Abin da ke damuna shi ne yaran da suka taso cikin shekarun tashin hankali. Makarantu da dama a karkara sun rufe, malamai sun yi ƙaura, wasu yaran sun yi shekaru ba su zauna a aji ba. A watan Nuwamba na 2024 an yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Kasuwa kam rana ɗaya ake buɗe ta, amma yaron da ya rasa lissafin aji ɗaya zuwa uku ba ya cike giɓin a rana ɗaya, kuma lissafi gini ne, in tubalin ƙasa ya zame na sama ba ya zama. Gyaran hanya, awon gonaki, shata burtali, tsara wuraren haƙar zinariya, duk ayyuka ne da za a yi a wannan ƙasa. Ko dai 'ya'yanmu su yi su, ko a kawo wasu daga nesa su yi, namu su riƙe musu sanda.

Saboda haka ina gabatar wa ƙungiya shawarwari huɗu. Na farko, mu ɗauki nauyin akwatin kayan lissafi ga kowane ɗalibi da ke shiga aji huɗu, tare da babban kamfas na allo da tef na awo ga malamai. Na biyu, duk wanda ya karanta lissafi ko injiniya ko safiyo a cikinmu ya ba da mako ɗaya a dogon hutu ya zo ya koyar, kuma ina roƙon a fara rubuta sunana. Na uku, mu kafa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibi da ɗalibar da suka fi kowa a lissafi, a sa mata sunan ɗaya daga cikin malamanmu tun suna raye. Na huɗu, mu tallafa wa aƙalla yaro ɗaya a shekara ya karanta safiyo a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello, ko Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, bisa alkawarin zai dawo ya yi wa ƙasarsa aiki. Ina roƙon Malam Sakatare ya sa waɗannan a cikin abubuwan da za a tattauna kafin mu tashi yau, a kuma naɗa waɗanda za su bi kowanne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiyarmu ga malamanmu. Kun sha ƙurar alli, kun jure rashin jinmu, albashi ya zo ko ya makara kuna aji. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.